Ko Addini Na Ja da Baya? A Tambayi Jikoki

Kwanakin baya na saurari wata muhawara a rediyo wadda har yanzu ba ta bar ni na huta ba. Mutum biyu aka gayyato, dukansu masu ilimi ne. Na farkon ya ce addini ya zama kamar fitilar da mai ya ƙare mata, saura ƙiris ta mutu, domin duk inda makaranta da asibiti da intanet suka shiga, imani sai ya tattara nasa ya nasa. Na biyun ya yi dariya, ya ce abokin nasa ya je ya ga yadda wuraren ibada ke cika maƙil har jama'a na tsayawa a waje, sannan ya dawo su yi magana. Kusan awa guda suka kwashe, wannan ya jefo alƙaluma, wancan ya jefo nasa, daga ƙarshe aka tashi baram-baram.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne, kowannensu yana da gaskiya a bakinsa, amma kowannensu rabi ya ɗauka ya kau da kai daga sauran.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ni mai addini ne, kuma ban yarda cewa zamani da kansa yana kashe addini ba. Sai dai na yarda cewa addini yana zubewa a wasu ƙasashe, zubewa ta gaske, kuma na fi jin tsoron mai dariyar nan fiye da mai hasashen mutuwa. Inda addini ya faɗi, a tsakanin uwa da ɗa ya faɗi, a wajen miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Wannan kuwa ba ya nunawa a hoton taro, sai bayan shekara talatin ko arba'in.

Hasashen da bai cika ba

Maganar mutumin farko tsohuwa ce. Tun ƙarni na 19 Auguste Comte, Bafaranshen da ya raɗa wa ilimin zamantakewa suna, yake cewa ɗan'adam zai wuce matakin addini ya shiga matakin kimiyya, kamar yadda yaro ke barin rarrafe. Karl Marx ya ɗauka cewa da zarar an kawar da zalunci da talauci, buƙatar addini za ta gushe. Max Weber kuma ya ga duniya tana rasa abin al'ajabinta, komai yana komawa lissafi da tsari. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, kusan duk manyan masana wannan fanni sun ɗauki zancen a matsayin abin da aka gama.

A 1968 Peter Berger, ɗaya daga cikin fitattunsu a Amurka, ya shaida wa jaridar New York Times cewa kafin ƙarni na 21 masu addini za su koma 'yan ƙananan ƙungiyoyi, a takure, suna kare kansu daga duniyar da ta bar addini.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan, a 1979, juyin juya halin Musulunci ya kifar da sarautar Iran, ƙasar da ake gani ta yi nisa a bin tafarkin Turai. A shekarar ce Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarci Poland, miliyoyin mutane suka fito a ƙarƙashin gwamnatin da ta yi shekara talatin tana koyar da cewa babu Allah. A Amurka masu wa'azin bishara suka shiga siyasa gadan-gadan. A Latin Amurka da Afirka coci-cocin Fentikos suka riƙa yaɗuwa kamar wutar daji, a ƙasashen Musulmi kuwa matasan da suka yi digiri a likitanci da injiniya ne suka cika zaurukan karatun addini.

A 1999 Berger ya fito ya ce ya yi kuskure, duniya tana nan da zafin addininta kamar da, in ban da Yammacin Turai da wani rukunin 'yan boko da ke warwatse a jami'o'in duniya. Ina girmama mutumin nan saboda wannan. Ba kowane malami ne zai gina sunansa a kan wata magana, sannan ya dawo da bakinsa ya rushe ta ba.

To idan haka ne, ai mai dariyar nan ya ci muhawara ke nan? A'a.

Alƙaluman Turai ba ƙarya ba ne

A ƙidayar jama'a ta 2011 a Ingila da Wales, kashi 59 cikin 100 sun ce su Kiristoci ne. A ta 2021 sun koma kashi 46, karon farko da suka gaza rabi. Waɗanda suka ce ba su da addini sun tashi daga kashi 25 zuwa 37. Shekara goma kacal.

Amurka ce da can ake kafa hujja da ita cewa ƙasa na iya zama mai arziki da fasaha kuma mai addini. Ita ma ta motsa. Cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta Gallup ta samu cewa a 1999 kashi 70 cikin 100 na Amurkawa suna da cocin, ko masallacin, ko majami'ar Yahudawan da suke membobinta. A 2020 sun koma kashi 47. Wata cibiyar bincike mai suna Pew ta ce marasa addini a ƙasar sun tashi daga kashi 16 a 2007 zuwa kashi 29 a 2021, ko da yake bincikenta na baya-bayan nan ya nuna abin ya ɗan tsaya cak.

Wannan ba ƙiren ƙaryar maƙiya addini ba ne. A biranen Turai akwai gine-ginen ibada masu shekaru ɗaruruwa da aka sayar, wasu sun zama gidajen haya, wasu ɗakunan karatu, wasu kuma wasu masu addinin daban suka saya. Mutanen da suka gina su ma sun taɓa cika su maƙil. Su ma da wani ya ce musu jikokinsu za su sayar da wurin, dariya za su yi.

Masana irin su Steve Bruce na Birtaniya suna nan a kan bakansu cewa tsohon hasashen bai mutu ba, jinkiri kawai ya yi. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, amma ba mutanen da za a kore da dariya ba ne.

Ta ina ruwan yake yoyo?

A nan ne na ga an fi yin kuskure. Mutane suna zaton addini na raguwa ne saboda manya suna karanta wani littafi, su wayi gari su ce sun daina imani. Akwai irin waɗannan, amma ba su ne suka kwashe coci-cocin Turai ba.

Wasu masana biyu, David Voas da Alasdair Crockett, sun bi diddigin iyalai a Birtaniya, suka fitar da sakamako a 2005. Abin da suka gani shi ne, mutum yakan tsaya ne a kan matsayin da ya shiga balaga da shi har ya tsufa. Bambancin yana tsakanin tsara da tsara. Idan uwa da uba duk masu addini ne, kusan rabin 'ya'yansu ne ke riƙe addinin. Idan ɗaya ne kawai mai addini, sai rabon ya sake raguwa da rabi. Iyayen da ba su da addini kuwa, kusan duk 'ya'yansu suna gadon rashin.

Ɗauki gida guda ka duba. Kaka ba ta wasa da ibada, da ita take kwana da ita take tashi, addu'a ba ta barin bakinta ko tana wanke-wanke. 'Yarta ta yi imani da duk abin da uwar ta yi imani da shi, in ka tambaye ta za ta ce maka ita mai addini ce, har ta ji haushin tambayar. Amma aiki ya yi yawa, gari ya yi nisa da dangi, ibadar ta koma ta lokacin biki da rasuwa. Ba ta taɓa cewa ta bari ba. Jikar kuma ta tashi ba ta ga kowa yana yi ba, ba ta san kalmomin addu'ar ba, in ta shiga wurin ibada sai ta riƙa satar kallon na kusa da ita don ta ga yadda ake yi. Ba ta ƙi addini ba, ba ta yi faɗa da shi ba. Baƙo ne kawai a wurinta. Ranar ƙidaya, da aka zo tambayar addini, sai ta zaɓi "babu", don ita ce amsar da ta fi kusa da gaskiyar rayuwarta.

A cikin gidan nan babu wanda kimiyya ta kayar a muhawara. Babu ranar da za a nuna a ce yau ce addini ya fita. A hankali ya sulale, kuma mai ƙirga kawuna a ranar biki ba zai ga komai ba sai kaka ta rasu.

Ƙasashen da suka yi mulkin gurguzu sun ƙara tabbatar mini da wannan. Albaniya ta rufe dukkan masallatai da coci-coci a 1967, ta ayyana kanta ƙasar da ba ta da addini, haramcin bai tashi ba sai 1990. A Poland gwamnati ta matsa, amma gidaje suka riƙe, addinin ya fito da ƙarfinsa. A Jamus ta Gabas kuwa sarƙar ta tsinke, tsara biyu suka tashi ba tare da an miƙa musu komai ba. Katangar Berlin ta faɗi tun 1989, 'yanci ya dawo, amma har yau yankin yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin addini a duniya. Matsin gwamnati iri ɗaya ne a bisa manufa, sakamako ya bambanta, kuma a gani na abin da ya faru a cikin gidaje yana da babban kaso a bambancin.

"Ai ilimi da wadata ne suka kawo haka"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun mutumin farko, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Masana kimiyyar siyasa Pippa Norris da Ronald Inglehart sun tattara bayanan ƙasashe da dama, suka ce a 2004 abin da ke rage addini shi ne kwanciyar hankali game da gobe. Inda mutum ya san in ya kwanta ciwo akwai magani, in ya rasa aiki akwai tallafi, in ya tsufa akwai fansho, to buƙatarsa ta neman mafaka a sama tana raguwa. Shi ya sa, a cewarsu, ƙasashen arewacin Turai irin su Suwidin da Denmak suka fi kowa sanyi a addini.

Akwai gaskiya a ciki, kuma littattafan addinai da kansu sun riga masana faɗar ta: ɗan'adam yakan tuna Ubangijinsa a cikin tsanani ya manta a cikin yalwa. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin ɗakin tiyata ya san haka. Za ka ga mutumin da ya shekara bai ɗaga hannu ba yana zaune a kan benci, kai a sunkuye, leɓɓansa na motsi, yana ɗago ido duk lokacin da ƙofa ta buɗe.

Amma hujjar ba ta kai inda ake son kai ta ba. Koriya ta Kudu ta tashi daga talauci zuwa sahun ƙasashe masu masana'antu a cikin tsara guda, kuma a daidai wannan lokacin ne Kiristanci ya bunƙasa a can har ya kai fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna da wadata da asibitoci da jami'o'i, masallatansu ba su zama kufai ba. Ita kanta Amurka ta yi shekaru da dama tana gaban Turai a arziki kuma tana gabanta a zuwa coci.

Abin da na yarda zamani yana yi shi ne abin da Berger ya koma yana faɗa a ƙarshen rayuwarsa: yana mayar da addini zaɓi. A da mutum yakan tashi a inda kowa ke bin hanya ɗaya, tambaya ba ta ma zo masa. Yau yaro ɗan shekara goma sha huɗu yana kwance a ɗakinsa da waya a hannu, a cikin dare guda zai ji mai kare addininsa, da mai sukar sa, da mai kiran sa zuwa wani, da mai cewa duk tatsuniya ce. Addinin da aka gada ba tare da an fahimta ba yana shan wuya a irin wannan kasuwa. Wanda aka fahimta kuwa sau da yawa ƙara ƙarfi yake yi, domin mai shi ya san abin da ya sa ya zaɓa.

"Mu ai ƙaruwa muke yi"

Wannan kuma ita ce garkuwar mai dariya. Rahoton da Pew ta fitar a 2025 ya nuna cewa a 2020 Kiristoci sun kai biliyan 2.3, Musulmi biliyan 2, kuma Musulmi ne suka fi kowa ƙaruwa a cikin shekaru goman da suka gabata. Afirka kudu da Sahara ta zarce Turai a yawan Kiristoci. Kusan mutum uku cikin huɗu a duniya suna da addinin da suke dangana kansu da shi. Wanda ya ce addini na gab da ɓacewa daga doron ƙasa, bai kalli waɗannan ba.

Sai dai a karanta rahoton har ƙarshe. Marasa addini su ma sun ƙaru, sun kai biliyan 1.9, mafi yawansu a ƙasar Sin. Kuma hanyar ƙaruwar ba ɗaya ba ce. Masu addini suna ƙaruwa ne galibi ta haihuwa, domin matasa ne kuma suna da 'ya'ya da yawa. Marasa addini ba sa haihuwa sosai, duk da haka kasonsu ya ɗan hau, saboda mutanen da aka haifa a cikin addini suna sauya sheƙa zuwa wurinsu.

Wato wani ɓangare na 'ya'yan da wannan gefe ke haifa, wancan gefe ne ke karɓe su in sun girma. Haihuwa tana ba ka jariri, ba ta ba ka tabbacin abin da zai riƙe yana ɗan shekara talatin. Ga shi kuma yawan haihuwar yana sauka a kusan ko'ina, har a ƙasashen Musulmi irin su Iran da Turkiyya.

Su kansu alƙaluman ma a riƙe su da hannu biyu. A 1993 wasu masana uku a Amurka, Hadaway da Marler da Chaves, sun je sun ƙirga mutanen da ke shiga coci da idonsu, maimakon su tambaye su. Kusan kashi 40 cikin 100 ne ke cewa suna zuwa duk mako, amma ƙirgar ta nuna kusan rabin haka. Inda addini yake da daraja, mutane sukan ƙara wa kansu a baki. Inda ya zama abin kunya, sukan rage. Grace Davie, masaniya a Birtaniya, ta nuna cewa mutane da yawa da suka daina zuwa coci ba su daina yarda da Allah ba. Akasin haka ma yana nan, kuma shi ya fi damu na: wanda jikinsa ke sahun gaba, amma in ka ba shi amana sai ka yi kuka. Babu takardar ƙidayar da ke auna wannan.

Abin da masu addini ke yi wa kansu

Akwai abin da ba na jin ana faɗa sosai, domin ya fi sauƙi a ɗora wa zamani laifi.

A farkon shekarun 1970 kusan kashi 90 cikin 100 na Katolikan Ireland suna zuwa coci duk mako. Coci ce ke riƙe da makarantu da asibitoci, 'yan siyasa ba sa motsi sai sun waiwaye ta. Sai aka fara tono yadda aka ci zarafin yara a cibiyoyin da ke hannunta, da yadda shugabanni suka rufe maganar don kare sunan hukuma. Rahotannin gwamnati biyu da suka fito a 2009 sun girgiza ƙasar. Raguwar ta riga ta soma kafin nan, amma wannan ya tura ta gangare. A lardin Quebec na Kanada, inda coci ta daɗe tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da masu mulki, jama'a sun juya mata baya a cikin shekarun 1960 da saurin da ya ba kowa mamaki. A Amurka ma bincike ya nuna cewa da yawa daga matasan da suka bar coci sun bari ne saboda sun ga an ɗaura addini a wuyan jam'iyya ɗaya.

Na kawo waɗannan ne don su aka fi yin bincike a kansu, ba don cutar ta wani addini ce shi kaɗai ba. Duk inda malamin addini ya zama ɗan amshin shatan mai mulki, ko ya yi arziki da gumin talakan da ke saurarensa, ko aka rufa wa mai laifi asiri don rawaninsa, to matasa suna kallo. Ba lalle su yi magana ba. Za su ci gaba da zuwa don kada ran iyaye ya ɓaci, amma ba za su tashi nasu 'ya'yan da asuba ba.

Na taɓa zama a wani gida ana hira, wani yaro da bai wuce shekara goma sha biyu ba ya tambayi mahaifinsa: "Baba, in Allah mai rahama ne, me ya sa jarirai suke mutuwa?" Tambaya ce da manyan malaman kowane addini suka yi rubuce-rubuce a kanta tsawon ƙarnoni. Uban ya daka masa tsawa, ya ce kada ya sake jin irin wannan magana a bakinsa. Yaron ya ce to, ya sunkuyar da kai. Bayan ɗan lokaci na ga ya jawo wayarsa ya koma gefe yana latsawa.

Ban san abin da ya rubuta ba, kuma ba na zargin uban da mugunta, tsoro ne ya kama shi, wataƙila shi ma ba a taɓa ba shi amsar ba. Amma tambayar ba ta mutu da tsawar nan ba. Wani ne zai amsa ta a daren, wanda uban bai sani ba kuma bai zaɓa ba. Mahaifin nan yana cikin waɗanda ke cika wurin ibada har a tsaya a waje, yana cikin hoton da mai dariyar rediyo ke taƙama da shi. Ɗansa ma yana cikin hoton, a tsaye kusa da shi.